Gaisuwar Sallah daga Singafo

Singafo, daren Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Baba da Hajiya, ta hannun Yaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun sha ruwa lafiya, kun yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Yanzu ƙarfe tara na dare ne a nan, ku kuwa biyun rana, don mun riga ku da awa bakwai. Na san an daɗe da saukowa daga Idi, an ci tuwon Sallah, yara sun fita yawo da sababbin kaya. Yaya, don Allah ka karanta wa su Baba a hankali. Akwai wurin da maganar taka ce kai tsaye, in ka iso can kada ka tsallake.

Na yi Idi a Masallacin Sultan, a unguwar Kampong Glam. A ƙarƙashin ƙubbarsa akwai wani baƙin zobe da ya kewaye ta, daga nesa sai ka ɗauka wani dutse ne mai tsada, ashe gindin kwalabe ne aka jera. Lokacin da aka sake gina masallacin, talakawan da ba su da kuɗin bayarwa su suka kawo kwalaben, aka sa su a can sama don kowa ya samu rabo. Daga masallaci na wuce gidan abokin aikina, Bamalaye ne. Hajiya, anko ba a Kano ya tsaya ba. Gida guda launi guda, daga kaka har jariri. Sun ba ni shinkafa da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa har ta dunƙule, suna ce mata ketupat, da naman da aka dafa da madarar kwakwa sai da ya tsotse. Da daɗi, amma ba zan yi muku ƙarya ba, raina na kan miyar taushe. Barka da Sallar yara a koriyar ambulan suke sa ta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanana suna durƙusawa gaban iyaye, su riƙe hannunsu, su nemi gafarar abin da ya bayyana da wanda ya ɓoyu. Ni ma ga ni durƙushe daga nesa: Baba, Hajiya, ku yafe mini.

A cikin azumi, idan abokan aiki sun tafi cin abincin rana sai ofis ya rage ni kaɗai. Don kada in zauna ina ƙirga awanni, na shiga karanta tsofaffin jaridun garin nan, waɗanda babban ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora a intanet. Akwai Straits Times, wadda ta fara fita a 1845 kuma har yau ana buga ta. Kun san halina da lissafi, rahoton kamfanoni na je nema. Sai na tarar a shafi guda ga sakamakon gasar iyo, ga makin gasar harbin bindiga, ga bayanin taron masu hannun jari, kafaɗa da kafaɗa. Da farko na ɗauka rashin tsari ne. Da na yi kwanaki ina bi, sai na gane ai jama'a guda ce. Akawun kamfanin da ya yi iyo ranar Lahadi, shi ne ya yi harbi ranar Asabar, maigidansa kuma shi ne ke karanta wa masu jari ribar shekara ranar Litinin.

Kulob ɗin iyo na Turawa an kafa shi a 1894 a bakin teku, wurin da ake kira Tanjong Rhu. Da ƙaramin jirgi ake kai su daga cikin gari ranar Lahadi. A teku suke iyo, sai a 1931 suka samu kwamin wanka na siminti. Wata gasar tasu ta ba ni dariya: wanda bai iya sosai ba shi ake fara saki, gwani ya tsaya yana jira a ƙirga masa daƙiƙoƙi kafin ya faɗa, wai don a yi adalci. Adalcin dai a tsakaninsu ya tsaya, don ɗan ƙasa ba ya zama memba. Sinawa da suka ga haka sai suka kafa nasu kulob can gaba kaɗan a Katong, har yanzu yana nan. Malayawa da mutanen da ke rayuwa a kan ruwa, waɗanda suka fi kowa sanin tekun, sai ranar wasannin sabuwar shekara ake ganin tseren kwalekwalensu. Yaransu kuwa suna zagaye manyan jirage, fasinja ya jefa kwabo a ruwa, yaro ya nutse ya cafo shi kafin ya kai ƙasa. Wannan ba a ba shi kofi.

Ran nan na bi ta wajen kulob ɗin Turawan don in gani da idona. Yana nan, amma tekun ya tafi ya bar shi. Gwamnati ta cike bakin ruwan da ƙasa, aka shimfiɗa babban titi da gidaje, yanzu sai ka yi tafiya kafin ka ji ƙamshin gishiri.

Baba, da na zo kan labarin gasar harbin, ku na tuna, saboda yadda kuke ba mu labarin 'yan bindigar Sarki da ƙarar da ke sa dawakai tsuma ranar hawa. Ƙungiyar harbi ta Singafo ta girmi ta iyo nesa, tun 1862 take, kuma daga cikin rundunar 'yan sa-kai ta Turawa ta fito, wadda aka kafa a 1854. Mutum zai kwanta rub da ciki ya harbi allo daga yadi 200, ya ja baya zuwa 500, sannan 600. Wani yana ɓoye a rami ƙarƙashin allon, shi ke ɗaga alama ya nuna inda harsashi ya shiga. Har gasa suke yi da Hon Kon da Shangai ba tare da kowa ya bar garinsu ba: kowace ƙungiya ta yi harbi a filinta, a aika da maki ta tangarahu, a haɗa lissafi. Na ce lallai waɗannan sun yarda da juna. Akwai titi a nan kusa da dajin Bukit Timah da har yau ake kira titin filin harbi.

Na ɗauki harbin nan wasa, sai da na iso jaridun watan Fabrairu na 1915. Ranar 15 ga wata, garin yana hutun sabuwar shekarar Sinawa, sojojin Indiya Musulmi na bataliyar da ke gadin tsibirin suka yi bore. Hon Kon za a kai su, amma jita-jita ta bazu a bariki cewa za a tura su yaƙar Daular Usmaniyya. Sun kashe mutum sama da 40 kafin a ci ƙarfinsu da taimakon sojojin ruwan Faransa da Rasha da Japan. Aka yanke wa 47 hukuncin kisa, aka riƙa harbe su a bainar jama'a jikin bangon kurkukun Outram. Cikin masu riƙe da bindigogin har da 'yan sa-kan nan, akawuna da manajoji masu cin kofi ranar Asabar. Ranar da na karanta wannan, ko da aka sha ruwa dabino ɗaya na iya ci. Ragowar bataliyar aka saka su jirgi zuwa Kamaru, su yi yaƙi da Jamus, a yaƙin nan da sojojinmu Hausawa suka yi a Garwa da Banyo da dutsen Mora. Wa ya sani ko wani kakan wani a unguwarmu ya yi sahu ɗaya da su a salla.

To Yaya, ga taka.

Kamfanin da ya fi kowane ƙarfi a garin nan a wancan zamani shi ne na kwatar Tanjong Pagar, wanda aka kafa a 1864. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen hayaƙi suka riƙa tururuwa, kowanne yana son kwal da ruwa da gyara. Kamfanin ya yi ta haɗiye abokan hamayya, a 1899 ya haɗiye na ƙarshe mai ƙarfi, harka ta zama tasa shi kaɗai. Masu jari sun saba karɓar kashi 12 cikin ɗari duk shekara. A takarda abin sha'awa. A bakin kwata kuwa, jirage na layi suna jiran wurin tsayawa, ɗakunan ajiya sun yi kaɗan, amalanken shanu sun toshe hanya, leburori biyu-biyu suna saɓa kwandon kwal a sanda suna hawa katako zuwa cikin jirgi. Daraktocin da ke zaune a Singafo suna ganin abin da idonsu, suka kawo tsarin faɗaɗa kwatar na miliyoyin daloli. Manyan masu jarin kuwa sun yi ritaya suna Landan, ba sa jin zafin rana ba sa shaƙar ƙurar kwal, suka ƙi duk abin da zai taɓa musu rabon riba. Ƙarshenta a 1905 gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe kamfanin da doka.

Za ka ce sun ga ta kansu. Ina! Aka je gaban mai sasanci, wani tsohon ministan kuɗin Ingila, aka yanke a biya su wajen dala miliyan 28 na kuɗin nan na lokacin, ninkin-ba-ninkin abin da suka zuba. Gwamnati ta ci bashi ta biya, ta kuma ci gaba da gyaran da suka ƙi yi. Leburan kwal ban ga sunansa a ko'ina ba, a shafin gasa ko a shafin lissafi, sai dai a dunƙule cikin kuɗin ƙwadago.

Abin da ya sa na kawo maka wannan, maganar da ka yi mini a waya ce tun goman farko, ta kamfanin casar shinkafar nan da kake so mu haɗa kuɗin gonar Kawu da abin da nake aikowa mu zuba. Ka ce mutumin ya yi alkawarin riba tsayayya kowane wata, kuma masu shiga sun fara karɓa. Yaya, aikina ke nan, kullum littattafan kamfani nake dubawa. Injin casa yana cin gas, yana cin bel, yana lalacewa, akwai watannin da shanshera ke tsada, akwai waɗanda babu ita sam. Wanda ke raba riba iri ɗaya rani da damina, ko dai yana cinye kuɗin gyara, ko yana biyan na farko da kuɗin na baya. Na Landan sun ci kuɗin gyara sun tsira, don masu yanke hukunci mutanensu ne, tare suke cin abinci. Mu in abin ya rushe, wace gwamnati ce za ta saye hannun jarinmu? Ban ce kada a shiga ba, kai ne babba, kuma Baba ne mai magana ta ƙarshe. Roƙona kada mu yi cinikin biri a sama. Ka ce ya nuna maka takardar rajista, da littafin shige da fice na shekara biyu, da abin da ya kashe a gyaran inji. Ka ɗauki hotonsu ka turo mini, dare ɗaya ya ishe ni. Ka kuma je masana'antar da kanka ba tare da ka sanar ba, ka ga ko injin na juyawa. Idan ya ɓata rai don ka tambaya, ka sanar da ni wannan ma. Sannan a tambayi Malam hukuncin ribar da aka yanke tun kafin a yi ciniki.

Hajiya, ga wani labari, amma ki riƙe zuciyarki. Na fara koyon iyo. Na san kin tuna ranar da aka tsamo ni daga kududdufin bayan makaranta ina aman ruwa, Baba ya bari sai da na farfaɗo sannan ya ɗauko dorina. Tun ranar ban ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. A nan kusan kowace unguwa da kwamin wanka na gwamnati, kuɗin shiga bai kai na kwanon abinci ba, ga masu tsaro zaune a sama suna kallo. Ranar farko na riƙe bakin kwamin kamar mai riƙe da igiyar rijiya, yara 'yan shekara shida suna wuce ni suna leƙen fuskata. Wani tsoho Basine, ya haura saba'in, shi ya tausaya mini. Ba ya jin Turanci sosai, sai ya nuna mini da hannu: sa fuska a ruwa, hura iska ta hanci, ɗago. Mako uku muna wannan kafin ya bari in saki bango. Kafin azumi na kai ga ƙetare faɗin kwamin ba tsayawa, ya tafa mini kamar na ci kofi. Ƙasar nan ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, amma a 2016 yaronsu Joseph Schooling ya ci zinare a gasar Olamfik a Burazil, ya doke gwanin Amurka Michael Phelps. Ina roƙon Baba ya bari a kai Auta da yaran Yaya inda ake koyarwa da mai kula, ni zan biya. Duka bai hana mu zuwa kududdufi ba, ɓoyewa kawai ya koya mana.

Na turo barka da Sallah ta asusun Yaya tun shekaranjiya. A fitar wa Goggo nata daban, a ba almajiran zaure, sauran Hajiya ta raba yadda ta ga dama. Gobe in an fita Hawan Daushe, Auta ya ɗauko mini 'yan bindiga da sautinsu, kada ya tsaya ɗaukar kansa. In an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su sosai cikin leda biyu. Kilishi kam a bar shi, ba a bari a shigo da nama daga Nijeriya ta filin jirgin nan.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Malam, da duk maƙwabta.

Ɗanku mai kewarku.