Babana, kada ka yarda da su

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma nan sai godiya. Innarka tana gaishe ka.

Jiya kawunka ya dawo daga wajenka da labarin da ya hana ni runtsawa. Wai sati uku ke nan ba ka shiga lacca ba, tun ranar da malamin nan ya ɗaga takardarka a gaban aji yana tambayar wa ya rubuta maka. Har kana cewa in an yi hutu ba za ka koma ba. Na so in buga maka waya, amma na san halinka, "ba komai Baba" za ka ce ka kashe zancen. Shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da malamin ya yi ya ƙona mini rai, sai dai ba yau aka fara ba. Ka tuna ranar rajista, matar nan ta ofis tana tambayar ƙaninka sunanka da shekarunka, kai kuwa kana zaune a gabanta riƙe da takardunka? Ko mutumin da ya cusa maka naira hamsin a bakin ƙofar makaranta yana "Allah sarki"? Mutum ya hango keken guragu, shi ke nan ya gama yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwar mai keken. Wani ya ɗaga murya yana rarrabe maka kalma kamar ɗan yaye, wani ya ce don tausayi aka ba ka gurbi. Wane tausayi? Kwamfutar JAMB ta leƙa ƙafarka ne kafin ta ba ka maki? Shan inna jijiyoyin laka masu motsa gaɓoɓi take kamawa, ba ta zuwa inda hankali yake. Tun kana goye likita ya gaya mana haka.

Kai ne ka tambaye ni a zaure, muna karatun Muwaɗɗa, ma'anar A'araj, saboda yawan jin "Malik daga Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira". Na ce maka gurgu ke nan, sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuz. Har yau ina ganin yadda ka yi shiru kana kallon littafin. Duk malamin da yake taƙama da waɗannan hadisai a garin nan, ta hannun gurgu suka iso masa.

Maganar mutane ba ta ba ni tsoro, Babana. Abin da yake cin zuciyata shi ne ka wayi gari ka yarda da su. Kullum in zan kasuwa ina wuce sa'anninka a danja, silifa a tafin hannu, suna jan jiki tsakanin motoci. Wallahi a cikinsu akwai waɗanda suka fi ni da kai kaifin basira. An yi ta gaya musu ba za su iya ba har suka gaskata. Ni na haura sittin. Ranar da ƙasa ta rufe mini ido, wa zai tsaya maka in ba karatun nan ba? 'Yan'uwanka kowa da nasa nauyin. In na rufe ido sai in gan ka a wannan danjar, in tashi zaune ina salati.

Kuma ka ji kunya! Shekara shida innarka tana goya ka zuwa firamare, damina da rani, har bayanta ya lalace. Gonar bakin rafi ka san inda kuɗinta suka tafi. Duk wannan za ka zubar saboda bakin mutum ɗaya? Ban haifi rago ba.

Na san akwai maganar da ba ka taɓa furta mini ba. E, ni na mayar da masu ɗigon rigakafi daga ƙofar gida a 2003. Gwamnatin Kano da kanta ta dakatar da shi a lokacin, manyanmu sun yi ta gargaɗi, ga gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 bai bar zukatanmu ba. Kare ka nake nufin yi. Kafin a dawo da ɗigon a 2004 zazzaɓin nan ya riga ya kama ka. Ban taɓa yafe wa kaina ba, kada ka ƙara mini wani a kai.

Ka yi haƙuri da zafin maganata. Ga abin da nake so ka yi. Ka je wurin shugaban sashenku cikin ladabi, ka nemi a zaunar da kai a gaban malamin, ya ba ka tambayar da ya ga dama, ka amsa yana kallo. Ka kuma faɗi maganar ajin nan na saman bene da abokanka suke cicciɓar ka. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuwa ya cika. Haƙƙinka kake nema, kada ka sunkuyar da kai.

Ranar Asabar in Allah ya yarda ina tafe da sabuwar tayar keken, innarka kuma ta yi maka dambun nama. In na iso, littafin laccar satin nan zan fara dubawa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka