Ya cinye gonar gadona a takara, yanzu takardar gida yake nema

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, kowa ya san mu.

Jiya da daddare maigidana ya ce in ba shi takardar gidan da muke ciki, wai zai jinginar wa wani Alhaji ya karɓo kuɗin takarar 2027. Gidan nan fa rabona ne na gadon Babanmu, da sunana aka yi takardar. Kada a ɗauka ni mai baƙin ciki da ci gaban miji ce. Allah shaida, a 2022 ba wanda ya roƙe ni na cire sarƙata da 'yan kunnena na gwal na kai kasuwa.

A waccan shekarar kujerar majalisar jiha ya nema. Fom kaɗai naira miliyan 2 jam'iyyarsu ta yanka, shi kuwa malamin makaranta ne, aikin ma ajiye shi ya yi. Ga fosta, ga man motocin yawo, ga daliget da sai an bi kowanne har gida da ambulan. A nan gonata ta bakin rafi ta tafi. Ƙaninsa ne ya kawo dillali, shi ya riƙe kuɗin, har yau ban ga lissafi ba, sai dai na ga ya yi sabon babur ya ƙara aure. Ban ce ya ci ba Anti, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Mutumin da ko gaisuwa ba ya yi min sai in yana son wani abu.

Duk lokacin da na ɗaga maganar, sai maigidan ya ce laifin ƙasa ne. Wai a da gwamnati na ba jam'iyyu tallafi ta hannun INEC, aka cire shi a dokar zaɓe ta 2010, shi ya sa talaka ba ya takara sai ya sayar da abin hannunsa ko ya kama ubangida. Ni zai karanta wa wannan? A gidan siyasa na tashi. Marigayi Babanmu ɗan jam'iyyar SDP ne, tun da Babangida ya kafa ta tare da NRC a 1989, ya gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, gwamnati kuma ta riƙa ba su kuɗi. Baba ya sha faɗa mana ko a lokacin a hannun manyan jam'iyya kuɗin ke maƙalewa, kuma da aka zo 1993 su wa suka tsaya? Abiola da Tofa, duka attajirai. Daga baya ma ai har jam'iyyun aljihu aka riƙa yi wa rajista don a karɓi tallafin kawai. To ko an dawo da shi gobe, wa zai kawo wa mijina kobo?

Shi kuma kullum dokar zaɓe ta 2022 ce a bakinsa, wai a lokacin ta hana ɗan takarar majalisar jiha kashe fiye da miliyan 30, don haka ba zai wuce gona da iri ba. Mu da ba mu taɓa riƙe miliyan 5 a dunƙule ba sai da aka sayar da gonar! Abin da ma ya fi ƙona min rai, ko ƙuri'a ba a kaɗa ba ranar fid da gwani. Aka ce an yi maslaha, ya janye wa wani, ba a mayar masa da kuɗin fom ba, muƙamin da aka yi masa alkawari kuma shiru har yau. Da ɗinkina muke ci, yara huɗu.

Yanzu Hajiyarsa ta daina amsa gaisuwata, wai na tsaya wa ɗanta a hanya. Kuma na ji ƙishin-ƙishin Alhajin nan yana da ƙanwa bazawara da yake son haɗa ta da maigidan, ƙanin maigidan ne ma ɗan aike. Na tambayi maigidan, ya ce in daina sauraren matan unguwa, amma bai ce ƙarya ba ne.

Yayana bai san an sayar da gonar ba, maigidan ya haɗa ni da Allah kada in faɗa. In na gaya masa yanzu, na san a ranar zai zo ya ce in tattara kayana, alhali gidan nawa ne. Anti, hana shi takardar saɓa wa miji ne a addini? Ko in kai ta wurin ƙanwata in ce ta ɓata? Ita kuma maganar bazawarar, in tunkari Hajiya da ita ko in jira?