Ranar 30 ga Oktoba 1974 ta fi ƙarfin layi biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan shafinku na tuna baya, wanda shi nake fara dubawa duk lokacin da jarida ta shigo hannuna. A fitowar da ta gabata kun tuna mana cewa ranar 30 ga Oktoba 1974 ce Muhammad Ali ya buge George Foreman a birnin Kinshasa, kuka kawo labarin cikin layi biyu, kuka saƙala shi tsakanin ranar haihuwar wani mawaƙi da sakamakon wani wasan ƙwallo. Kwanan watan daidai yake, ban kama ku da kuskure ba. Abin da ya dame ni shi ne yaron da ya karanta waɗannan layuka biyu zai tashi da suna biyu da rana ɗaya, alhali wannan rana tana ɗauke da labarin wata ƙasa ta Afirka a shekarar da ta tara dambe da kiɗa da ƙwallo da mulkin kama-karya a wuri guda.

Ina da shekara 12 a lokacin, muna zaune a Zariya. Agogon Kinshasa da namu ɗaya ne, kuma an sa damben da misalin ƙarfe 4 na asuba ne domin ya dace da lokacin da 'yan kallo a Amurka suke zaune da daddare a gidajen kallo. Saboda haka ana sallame sallar asuba mahaifina ya fito da rediyonsa zaure, wata tsohuwa mai cin batir shida wadda aka ɗaure murfinta da roba, maƙwabta suka kewaye shi yana murɗa ta yana neman tasha. A cikinsu akwai wani mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, wanda tun makonni kafin ranar yake cewa ba ya son ya ji labarin, don yana tsoron kada a illata Ali. Da aka faɗi sakamako sai ya miƙe tsaye yana cewa an yi kisa, kamar yadda ake faɗa a fagen damben gargajiya, ya fita titi ko takalmi bai sa ba.

Tsoron wannan bawan Allah yana da dalili. Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa doke shi ba, kuma 37 daga ciki kwantar da abokin karawarsa ya yi. A watan Janairun 1973 ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu a Kingston ya karɓe kambun duniya, a watan Maris na 1974 kuma ya gama da Ken Norton cikin turmi biyu a Karakas. Frazier da Norton kuwa su ne mutum biyu da suka taɓa doke Ali. Shi Ali yana da shekara 32, an kuma raba shi da fage shekara uku da rabi a daidai lokacin da ƙarfinsa yake kan ganiya, domin a ranar 28 ga Afrilu 1967 ya ƙi shiga aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam bisa dalilin addininsa, aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyar, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin. Wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ya sa mutanen Kinshasa suke bin motarsa suna ihun "Ali, boma ye", wato "Ali kashe shi" a harshen Lingala ba, ba kuma zai gane abin da ya sa mahaucin unguwarmu, wanda bai taɓa ganin Amurka ko a hoto ba, ya ɗauki Ali tamkar ɗan gidansu ba.

Yadda aka yi damben ma abin a bayar da labari ne. Kowa ya zaci Ali zai yi ta zagaye fage yana gudun naushin Foreman, sai ga shi tun daga turmi na biyu ya jingina da igiya, ya kare fuskarsa da hannuwa, ya bar Foreman yana ta jibgar hannuwansa da haƙarƙarinsa cikin zafin daren Kinshasa har ƙarfinsa ya ƙare. A ƙarshen turmi na takwas Ali ya baro igiya ya jera masa naushi, Foreman ya juya ya faɗi a gaban mutum kusan 60,000, alƙalin wasa Zack Clayton ya ƙirga ya tsayar da dambe. Ba a daɗe da watsewa ba ruwan sama ya ɓarke a birnin.

Ranka ya daɗe, akwai abin da shafinku bai ambata ba ko kaɗan, shi ne kiɗan da aka shirya domin wannan dambe. Tun asali a ƙarshen Satumba aka tsara yin karawar, sai Foreman ya samu rauni a saman idonsa wajen atisaye, aka ɗage ta da mako biyar. Bikin waƙe-waƙen da aka shirya domin ya share wa damben fage bai ɗagu ba, aka yi shi daga 22 zuwa 24 ga Satumba 1974. Hugh Masekela, mai busa ƙaho ɗan Afirka ta Kudu wanda mulkin wariyar launin fata ya raba da gida, shi da abokinsa Stewart Levine ne suka haɗa taron. James Brown da B.B. King da Bill Withers suka zo daga Amurka, Celia Cruz 'yar asalin Kyuba ta zo da makaɗan salsa, Miriam Makeba, mawaƙiya 'yar Afirka ta Kudu wadda aka soke mata fasfo tun 1960, ta zo, sannan ga 'yan gida, Franco da ƙungiyarsa ta OK Jazz da Tabu Ley Rochereau. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne kiɗan Kongo na zamani ya sha da yawa daga faya-fayan Kyuba da suka shigo ƙasar a zamanin mulkin Beljiyam, shi kuma kiɗan Kyuba tushensa yana komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka, cikinsu har da mutanen yankin Kongo. Ke nan a waɗannan darare uku 'yan uwa ne da teku ya raba suka haɗu a dandali ɗaya. Bayan shekara biyu da 'yan watanni Makeba da Franco suka sake haɗuwa a Legas a bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC na 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suka gani da idonsu.

Sai dai bai kamata a tuna wannan biki a manta da mai masauki ba. Mobutu Sese Seko ya ƙwace mulki a watan Nuwamban 1965, ya sauya wa ƙasar suna daga Kongo zuwa Zayar a 1971, ya kuma ga cewa damben da aka yi wa kowane ɗan wasa alkawarin dala miliyan 5 hanya ce ta sa duniya ta ambaci sunan ƙasarsa da nasa. Filin da aka yi damben ma a lokacin sunansa filin 20 ga Mayu, ranar da ya kafa jam'iyyarsa a 1967, wadda ta zama ita kaɗai ce jam'iyya a ƙasar. A wannan birnin ne dai a watan Yunin 1966 ya sa aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a, cikinsu har da tsohon firaminista Évariste Kimba. Kuma a shekarar damben ce farashin tagulla, wadda ita ce jigon arzikin ƙasar, ya faɗi a kasuwar duniya, ga kuma ruɗanin da ya biyo bayan ƙwace kamfanonin baƙi da ya yi a ƙarshen 1973 ya raba wa na kusa da shi. Ni ina ƙaunar wannan dambe har zuciyata, amma ina ganin rashin adalci ne ga talakan Kongo a riƙa tuna ranar ba tare da an ambaci wanda ya biya kuɗin shagalin da wahalarsa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai, wato labarin ƙwallon Zayar na wannan shekara. Duk lokacin da gasar cin kofin duniya ta ƙarato, sai an sake yaɗa wani ɗan guntun bidiyo a Facebook da WhatsApp, inda ɗan wasan baya na Zayar, Mwepu Ilunga, ya fito daga katanga a guje ya doka ƙwallon da aka ajiye wa Brazil domin bugun tazara, alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Ana yaɗa shi ana dariya, wai ɗan Afirka bai san dokar wasa ba. Na ga jikana yana kallonsa yana ƙyalƙyala dariya, na tambaye shi ko ya san cewa wata uku kafin wannan wasa waɗannan mutane ne zakarun Afirka, ya ce bai sani ba. A watan Maris na 1974 Zayar ta ci kofin Afirka a Masar, bayan ta yi 2 da 2 da Zambiya a wasan ƙarshe aka sake wasan ta ci 2 da nema, kuma Ndaye Mulamba ne ya ci mata dukkan ƙwallaye huɗun. Ƙwallo 9 ya ci a gasar, har yau ba wanda ya kamo shi a gasa ɗaya, ko Vincent Aboubakar na Kamaru a 8 ya tsaya a gasar da aka yi a ƙasarsu a farkon 2022. Mutumin da ya buga wa irin wannan ƙungiya wasa ba za a ce bai san dokar bugun tazara ba.

Zayar ce ƙasa ta farko daga kudu da Sahara da ta je gasar kofin duniya. A Jamus ta Yamma Sikotilan ta ci ta 2 da nema, sannan rikicin alawus da aka yi wa 'yan wasa alkawari ba a ba su ba ya karya musu gwiwa, Yugoslabiya ta ci su 9 da nema a ranar 18 ga Yuni. Ilunga da kansa ya bayyana daga baya cewa bayan wannan kashi an aiko musu da gargaɗi daga fadar shugaban ƙasa cewa idan Brazil ta ci su ƙwallo huɗu kada su yi tunanin komawa gida, ya kuma ce da gangan ya doka ƙwallon, cikin fushin an cinye musu haƙƙinsu. An tashi wasan Brazil ta ci 3 da nema. Ilunga ya rasu a 2015, Mulamba kuma ya rasu a Afirka ta Kudu a 2019 bayan ya sha fama da talauci da rashin lafiya. Idan jaridar Hausa ba ta gaya wa yaranmu wannan ba, to dariyar kawai za su gada daga intanet.

Akwai kuma wani kuskure da nake yawan gani a rubuce-rubucen matasa, cewa damben Kinshasa shi ne karo na farko da aka yi gasar kambun duniya a Afirka. Shekara 11 kafin nan, a ranar 10 ga Agusta 1963, Dick Tiger na Najeriya ya kare kambunsa na duniya na ajin matsakaita nauyi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, inda Gene Fullmer na Amurka ya kasa fitowa bayan turmi na bakwai. Kafin shi ma Hogan Bassey, wani ɗan damben Najeriya, ya ci kambun duniya a Faris a 1957. Ban taɓa ganin ranar 10 ga Agusta a shafinku ba, kuma ina ganin ta cancanci shiga.

Roƙona gare ka shi ne a rage yawan ranakun da ake jerawa a kowace fitowa, a zaɓi ɗaya a ba ta ko da rabin shafi ne, a faɗi abin da ya faru da dalilinsa da abin da ya biyo baya, sauran kuma a bar su a taƙaice kamar yadda aka saba. A ba wa ma'aikaci ɗaya alhakin tantance kowane kwanan wata kafin a buga, don abin da jarida ta buga shi malamin makaranta yake ɗauka ya kai aji, shi ne kuma masu gasar kacici-kacici a gidajen rediyo suke dogara da shi. Idan za a fara, ranar 5 ga Nuwamba tana nan tafe, ranar da shi wannan Foreman ɗin, shekara 20 bayan faɗuwarsa a Kinshasa, ya buge Michael Moorer a turmi na goma a 1994 ya sake karɓar kambun duniya yana da shekara 45. Foreman ya rasu a watan Maris na 2025, shekara tara ba kaɗan bayan rasuwar Ali, wanda daga baya suka zama aminan juna.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya