Wasiƙa daga Unguwan Rimi

Mutumina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Shirun ya yi yawa, wata huɗu ke nan.

Albishirinka! Matsalar nan ta Mathematica, manhajar lissafi ta kwamfuta, da ta hana ni barci tun kafin Babbar Sallah ta warware. Ka tuna fankshin marar suna, wato ɗan umarnin da ake ba lamba ya fitar da sakamako, wanda ake rubutawa da # da &? Guda biyu gare ni: #^2& mai ninka lamba da kanta, da #+1& mai ƙara mata ɗaya. Na haɗa su da alamar tarawa, na ba su 3, ina jiran 13. Kwamfuta ta maido min da abina yadda na rubuta shi, ko gezau. Ashe ita jimillar nan abu guda take gani, ba za ta kai wa kowannensu lambar ba sai an ce ta kai. Wani umarni mai suna Through ne ke wannan aikin: ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa 3 ɗinsa cikakkiya, 9 da 4 su fito, sai a tara. Wallahi da na ga 13 sai da na miƙe tsaye.

Akwai wani tarkon kuma. Alamar & tana haɗiye duk abin da ya zo kafinta, don haka dole kowane fankshin ya shiga baka biyu nasa. Kwana uku wannan kaɗai ya ci min.

Af, mai shayinmu na Tudun Wada ya ce in tuna maka kuɗin indomi da ƙwai. Ya ce Turai ba ta goge bashi. Hajiya kuma ta fara maganar aurenka a gaban mutane, ka shirya. Ranar Juma'a na raka Yaya tashar Rigasa, ya shiga jirgin Abuja.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne asalin abin. Masanin lissafi Alonzo Church ya tsara lissafin lamda, tushen fankshin marar suna, a shekarun 1930 da takarda da alƙalami, masanin kwamfuta John McCarthy ya shigar da shi yaren kwamfuta na Lisp a 1958, Mathematica ba ta fito ba sai 1988. Ina so ɗalibaina su fara da allo kafin su taɓa kwamfuta, domin a nan ake gane wa aka ba me. Mako mai zuwa zan gwada su da alamar @* mai jera fankshin bayan fankshin, inda sakamakon wani ke zama abincin wani.

Ka turo min lambarka ta yanzu, tsohuwar ba ta shiga.

Naka,
abokin zaman benci