Mu Daina Zargin 'Yan Mata Kan Rikicewar Al'ada

Edita,

Ni malama ce a makarantar 'yan mata ta kwana a Katsina. Makon jiya na tarar da ɗalibata 'yar shekara 13 tana kuka, wai wata biyu ba ta ga al'ada ba, sai ɗigon jini, tana tsoron a zarge ta a gida. Ita da ta fara al'ada a bara!

Iyaye mata, shekaru biyun farko al'ada takan yi wasa kafin ta daidaita, ba alamar lalacewa ba ce. Amma in jinin ya wuce kwana 7, ko ya ɗauke wata 3, ko tana jiri, a kai ta asibiti, a daina ɗura mata jiƙe-jiƙe.

Wata malama, Katsina