Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Hanyoyin Keke da Muka Bi a Bayan Garin Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, dattawanmu da ƙannenmu. Shugaba ya ce in rubuta abin da ƙungiyarmu ta mahaya keke ta yi a bana tun kafin ranar taro, kowa ya karanta a gida ya zo da gyaransa. Maganar kuɗi ba tawa ba ce, ma'aji zai karanta lissafinsa a bainar jama'a. Ni a kan hanya zan tsaya.

A taron bara aiki ɗaya kuka ɗora wa kwamiti: a nemo inda mutum zai hau keke shi da ɗansa ba tare da tifa ta danna masa hon a ƙeya ba. Duk wanda ya taɓa taka feda daga Terminus zuwa Bukuru da safe ya san dalili. Ga tifofin yashi, ga tirelolin da ke shigowa ta Mararrabar Jama'a, ga masu Napep da ke cin birki duk inda suka hango fasinja. Har sunan ma sun ƙwace mana, don yanzu in ka ce kana da keke a Jos, sai a tambaye ka wa ke ja maka.

To, mun nema, mun kuma samu. Sai dai babu ko taku ɗaya da aka gina dominmu. Turbar manoma ce, da burtalin shanu, da tsoffin hanyoyin da kamfanonin kuza suka bari. Kowace kuma tana da masu ita.

Wadda muka fi bi ita ce ta bayan Rayfield, wadda ke ratsa ƙasar Du ta ɓulla bayan Bukuru. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar kuza a wannan yanki, filin golf na Rayfield ma tun 1913 yake. Abin da haƙar ta bari shi ne jajayen tuddan ƙasa da kududdufai masu zurfi, da hanyoyin jar ƙasa da aka fasa wa manyan motoci. Motocin sun tafi, faɗin hanyar ya zauna, mutum biyu na iya jerawa suna hira. Da rani manoma na jan ruwan kududdufan da inji suna lambun kabeji da karas da tumatir, saboda haka tiyo ya kan gitta hanya a wurare da dama.

Wannan tiyo shi ya jawo mana babban darasin bana. Wata Asabar a watan Fabrairu, ɗaya daga cikin yaranmu ya sako gudu daga kan tudu, ya ga tiyo a makare, ya kauce, sai ga shi tsakiyar kwamin kabejin wata dattijuwa, ya kuma fizge mahaɗin tiyon ruwa na ta tsiri sama. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye fartanya, ta kama kan keken da hannu ɗaya ta tsaya. Samarin gonakin kusa suka fara tahowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna a garin nan tun rikicin 2001 ya san yadda ƙaramar magana ke girma, ni kaina gabana ya faɗi. Baba mai faci ne ya jingine kekensa, ya cire hula, ya ce, "Mama, mun yi laifi. Yaron namu ne, ɓarnar tamu ce." Ya yanko tsohuwar roba daga jakarsa ya ɗaure tiyon tamau, mu kuma muka durƙusa muna tayar da kabeji. Da aka yi maganar biya ta ƙi karɓa, ta ce abin da ya dame ta shi ne wata uku muna wucewa kamar iska, ko sannu babu wanda ya taɓa ce mata.

Gaskiyarta. Mako na gaba shugaba ya ɗauki mutum uku muka je gaida mai unguwar wurin, muka faɗi ko su wane ne mu da ranar da muke fitowa. Daga nan muka mai da shi ƙa'ida: ba ma sa hanya a jerinmu sai mun gaida masu ita. Yanzu in mun iso lambun Mama kowa na sauka ya tura, a sayi karas, a ce mata "mafeng", wato na gode da Berom, ita kuma ta yi dariyar yadda muke karya kalmar. Wasu matasa sun yi gunagunin cewa tsaye-tsayen na kashe musu gudu. Na ji su, amma mai son tsere ya nemi filin wasa.

Hanya ta biyu ita ce ta Lamingo, daga gefen dam zuwa gindin duwatsun Shere. Ta fi kyau a ido, ta kuma fi wuya a ƙafa. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. Ba ma hawa can, a gindi muke juyowa, amma baƙin da suka zo mana daga Kano da Abuja tun a hawan farko suke fara haki suna tambaya ko birki ne ya riƙe. Keken da ba shi da giya ya haƙura da wannan hanya, haka yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu. A watan Janairu kuma kada wanda ya fito ba safar hannu. Sanyin asuba na daskarar da yatsu har mutum ya kasa matsa birki.

Da azumi ya kama a watan Maris mun rage fita zuwa gajeren zagaye bayan sallar asuba, 'yan uwanmu Kiristoci suka riƙe doguwar tafiyar. Ranar keke ta duniya, 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018, ta faɗo Litinin, sai muka yi namu ranar Asabar 1 ga wata da gyaran keke kyauta. Baba da yaransa sun wuni suna faci da ɗaure sarƙa. Abin da na lura, yawancin waɗanda suka zo ba 'yan motsa jiki ba ne. Malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da suka zaro tsoffin kekuna daga ɗakin shirgi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Zuwa Oktoban bana lita ta haura naira 1,000. Tambayarsu ɗaya ce: ta ina zan bi in je aiki ban haɗu da tirela ba? Ba mu da amsa mai gamsarwa, don hanyoyinmu duk na yawo ne a bayan gari. Ina ganin nan ya kamata hankalin kwamiti ya koma.

Damina ta ci mana makonni. A farkon Agusta an sa dokar hana fita a Jos da Bukuru lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, muka dakata. Da muka koma ciyawa ta rufe ramukan masu haƙar loto, waɗannan rijiyoyin da ake nutsawa neman kuza a bar su a buɗe. Wani sabo ya bayyana taku biyu daga turbar da muka saba bi, Allah ya kiyaye na gaba ya gan shi. Mun kafa sanda da jan ƙyalle, muka shaida wa mai unguwa. Wanka a kududdufi kuma har yanzu haramun ne a ƙungiya, komai zafin rana. Gefensa na zabtarewa, zurfinsa ba ya nunawa daga sama.

Abin da muka kasa: tafiyar Vom ba ta yiwu ba, don mun rasa yadda za mu kauce wa kwalta bayan Kuru. Taswirar da muka yi alkawari tana nan a waya ta mutum ɗaya, ba a buga ba, laifin kuma nawa ne. Fitar mata sau biyu kawai aka yi, su ma sun ce lokacin da muka sa bai dace da aikin gida na safiyar Asabar ba.

Akwai shawarar da wani dattijonmu ya kawo da nake so a tattauna. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru tun 1914 an rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Ya ce a ƙuruciyarsa ya san inda gadon layin ya bi ta arewacin gari, kuma hanyar jirgi ba ta da hawa mai tsanani. Yana so a ba shi matasa biyu su bi sawu da rani, su ga abin da gini da gona suka rage.

Fitar farko ta sabuwar shekara Asabar ce, 11 ga Janairun 2025, ƙarfe shida da rabi na safe a inda muka saba haɗuwa. Hanyar Rayfield za mu bi. A zo da hular kwano da famfo da ruwan sha, da ɗan canjin sayen karas.

Sakataren ƙungiya