Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, a kan ciwon afendis

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya kuma haƙuri da jama'a.

Abinda yasa na rubuto maka shine ɗan yayata, yaro ɗan shekara 14, wanda afendis, wato ɗan ƙaramin reshen hanjin nan da yake ƙasan ciki ta dama, ya fashe masa a ciki daminar da ta wuce. Ciwon a cibiya ya fara, ga amai ga ƙin cin abinci, mamansa ta kaishi kemis aka ce taifot ne aka yi masa allura aka bashi maganin kashe zafi, kwana biyu sai ciwon ya sauko ƙasan ciki ta hannun dama, yaro yana tafiya a sunkuye, a mota ko rami aka faɗa sai ya yi ƙara. Asibitin ƙaramar hukumarmu likita yana danna wajen ya gane ko menene, amma ba mai yin allurar barci, sai ya turamu birni, can kuma sai an biya kafin a shiga ɗakin tiyata, kafin a kira wannan a kira wancan a sayar da akuya kuɗi su haɗu an shiga kwana na huɗu. Aikin da ba ya wuce kamar awa ɗaya a sallami mutum bayan kwana biyu ko uku, wallahi sai da aka tsaga cikinsa tun daga sama aka wanke mugunya, yayi sati uku a gadon asibiti.

Ranka ya daɗe ba zan koya maka aikinka ba, kai likita ne, amma tun daga lokacin nake ta karance karance a kan ciwon nan. Binciken nauyin cututtuka na duniya wanda cibiyar IHME ta jami'ar Washington take jagoranta ya nuna a 2019 kaɗai sama da mutum miliyan 17 ne suka kamu, sama da dubu 33 suka rasu. Cikin mutum 100 kusan 7 ko 8 zasu gamu dashi a rayuwarsu, kuma yafi kama ƴan shekara 10 zuwa 30, wato yaranmu na makaranta da matasa masu neman na kansu. Abinda yafi tsaya min a rai, daga 1990 zuwa yau haɗarin mutuwa da ciwon ya ragu sosai a duniya, kuma ƙasashen masu kuɗi suna fama dashi sosai amma ba kasafai yake kashe musu mutane ba, a ƙasashe irin namu ne yake cin rai, saboda a can yawanci ana cire abin kafin ya fashe. Tun 1735 wani likita Claudius Amyand ya cire afendis a Landan, a 1980 wani likita Kurt Semm ya cire shi da na'urar kyamara ta ƴar ƙaramar huda a Jamus, mu kuma har yau yaro sai ya kwana huɗu yana jiran wuƙa.

A da ana ganin ciwon turawa ne, likita Denis Burkitt da yayi aiki a Yuganda ya lura ba a cika ganinsa a ƙauyukan Afirka ba, ya danganta hakan da cin abinci mai dusa da ganye. To yanzu fa abinci ya canza, fulawa da taliya da lemon kwalba sun shiga kowane gida, kuma masu bincike suna ganin ciwon yana ƙaruwa a ƙasashen da birane ke bunƙasa. Mutanenmu kuma har yanzu wasu sun ɗauka tsakuwar shinkafa ce take taruwa, alhali yawanci bakin ɗan hanjin ne yake toshewa da busasshen kashi ko kumburi, wani lokacin ma tsutsar ciki.

A Nuwamban 2024 ka sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, munji daɗi Allah ya saka da alheri. Roƙona shine dan Allah a saka afendis da fashewar hanji na taifot cikin irin wannan tsarin, a fara yiwa mutum aiki tukuna maganar kuɗi ta biyo baya. Dokar lafiya ta 2014 ai ta hana a ƙi karɓar mara lafiyan gaggawa, kuma a asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar ta kafa, an ware kashi 5 cikin 100 domin gaggawa, amma talakan ƙauye bai san da wannan ba, shi dai rasit ya sani.

Sannan maganar ma'aikata. Kwamitin tiyata na mujallar likitoci ta Lancet a 2015 ya ce a kai ga mutum ya samu wajen tiyata cikin awa biyu, Najeriya ma ta fitar da nata tsarin tiyata na ƙasa a 2019. Na san manyan asibitocin jiha a hannun gwamnoni suke, amma kai kake zama da kwamishinoninsu a majalisar lafiya ta ƙasa, ka matsa musu ko wane janaral asibiti ya samu nas mai allurar barci da likitan da zai iya wannan aikin da janareta mai tashi da dare. Su kuma masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci a koya musu a kuma dinga faɗa a rediyo da Hausa, ciwon cikin da ya tashi daga cibiya ya koma dama ga zazzaɓi da amai ba na riƙewa bane, a tura shi asibiti a ranar.

Yaron ya koma makaranta alhamdulillahi, amma ya rasa jarabawar zango guda, mamansa kuma har yanzu tana biyan bashin da aka ci.

Na gode ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo.

Daga kawun yaron.